Maigida Ya Rage Mini Awowin Aiki Da Albashi, Ko Ya Halatta?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina aiki a wani gidan ruwan leda a nan Maraɗi, safe zuwa la'asar, a kan jika 60 a wata. Ranar biya sai maigida ya miƙo mini jika 35, wai kasuwa ta yi sanyi, shi ya sa yake sallamarmu da azahar. Bai taɓa ce mana zai rage kuɗi ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗan'uwa, abin da ke tsakaninku shi malaman fiƙihu suke kira ijara (ɗaukar mutum aiki a kan lada), kai kuma "ajirun khass" ne, wato wanda aka sayi lokacinsa, ba kamar tela ba da ake biya a kan riga. Irinka yana cin ladansa da zarar ya zo ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, ko injin ya tashi ko bai tashi ba. Saboda haka sallamar azahar, shi ya yafe haƙƙinsa, babu laifi. Amma jika 25 da ya riƙe na watan da ya wuce bashi ne a wuyansa. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Kuma Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya more aikinsa, ya hana shi lada.

To watanni masu zuwa fa? In kun yanke wa'adi, kamar shekara guda, ba ya da ikon taɓa awa da albashi sai da yardarka har wa'adin ya cika. In kuwa "kowane wata kaza" kawai aka ce, yana iya kiranka tun kafin wata ya kama ya ce ga abin da zai iya, ka karɓa ko ka ƙi. Yardar da aka karɓa da barazanar kora, ni dai raina bai kwanta da ita ba.

Ban musa ƙuncin 'yan kasuwa ba. Duk mun ga yadda garin nan ya koma lokacin da aka rufe iyakar Ɗan Isa, tsakanin Nijar da Najeriya, a 2023. Sai dai asara ta mai dukiya ce, kamar yadda riba take tasa. Da kasuwa ta buɗe, ai bai ninka maka albashi ba.

 Ka fara samun maigidan ku biyu, ko ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa. In ya ƙi, kai ƙara ofishin masu kula da ƙwadago halal ne, ba cin amana ba ne. Ka riƙe takardar ɗaukar aiki in akwai, in babu, abokan aikinka biyu sun isa shaida.

Wallahu a'alam.