Amsa: Ko an zalunci Tatum da sukar 2022?

Ɗan'uwa na Gusau, ka tambaya ko sukar da ake yi wa Jayson Tatum, ɗan wasan Boston, kan wasannin ƙarshe na NBA (gasar ƙwallon kwando ta Amurka) na 2022 adalci ce. A ganina rabinta gaskiya ce, rabi kuma surutun majalisa ne.

Gaskiyar ita ce, a karawar Boston da Golden State hannunsa ya ƙi. A cikin jifa goma, ko huɗu ba sa shiga kwando. A wasa na shida da Golden State ta ɗauke kofi a gidan Boston, maki 13 kacal ya ci, Andrew Wiggins na Golden State ya manne masa kamar kaska. Ga zubar da ƙwallo: sau 100 a wasannin fitar da gwani na shekarar, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Wanda ya hana idonsa barci har ƙarfe biyun dare don kallo yana da haƙƙin yin tsaki.

Amma masu cewa matsoraci ne sun manta wa ya kai Boston nan. Milwaukee na gab da fitar da su, ya je har gidansu ya zuba maki 46. Wasan farko da Golden State ma, da jifarsa ta ƙi, sai ya koma rabon ƙwallo, ya bayar aka ci sau 13, kuma Boston ta yi nasara. Shekararsa 24 lokacin.

Masu kawo kofin da Boston ta ci a 2024 don wanke shi su ma su yi a hankali, domin abokin wasansa Jaylen Brown aka ba kyautar gwarzon wasan ƙarshe.