Amsa ga ɗan'uwan da ya ce abokansa na Abuja sun guje shi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa tukuna. Ka ce wata takwas ke nan da aka yi maka canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, kana zaune a Lugbe, kana da abokan makaranta sun kai goma a garin, amma biyu kacal ka sa a ido. Duk wanda ka kira sai ya ce "ka ɓuya, za mu haɗu in sha Allahu", daga nan shiru kamar an shuka dusa. Kake tambaya, wai garin ne ke sa wa mutane girman kai, kuma yaya ake riƙe abokai a nan?

Ni a 2011 na zo daga Zariya, kuma shekarata ta farko irin wannan ƙorafin na yi ta yi wa duk wanda zai saurare ni. Yau ga shi ni ma akwai masu yin sa a kaina. To bari in faɗa maka abin da na gani daga ɓangarorin biyu.

Masu girman kai akwai su, ba zan wanke kowa ba. Akwai wanda da ya samu kujera sai ya canza lamba, ya canza murya. Amma cikin goman nan naka, da wuya irinsu su wuce ɗaya ko biyu. Sauran garin ne ya ci su, kamar yadda zai ci ka idan ba ka yi da gaske ba. Ka tuna yadda muke a gida. Ba ka taɓa zama ka tsara ganin abokinka ba. Ka fito sallar la'asar ka gan shi, ka je sayen goro ka gan shi, bayan isha'i an shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani, majalisa ta haɗu ba wanda ya kira wani. Unguwa ce take yi mana zumuncin, mu dai kawai muna cin moriya, har muka ɗauka halinmu ne mai kyau. Abuja kuwa a takarda aka fara zana ta. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina ta, a Disamban 1991 aka taso daga Legas, kuma an zana ta ne don ofisoshi da manyan tituna da mai mota. Wurin aiki daban, wurin kwana daban, kasuwa daban. Tsakiyar garin kuma, Maitama da Asokoro da Wuse 2, hayarsa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, don haka aka watsa mu gabas da yamma: wannan yana Kubwa, wancan Lugbe, wani Kuje, wani Karu. Wanda ke Mararaba ma ba a Abuja yake kwana ba, a jihar Nasarawa yake, na Suleja kuma a Neja.

Ka lissafa da kanka. Abokinka na Mararaba ya bar gida ana idar da asuba don ya riga cunkoson Nyanya, ya tashi aiki biyar, ya tsaya neman mota a mahaɗar AYA da ke Asokoro, sai bayan isha'i ya ga ƙofar ɗakinsa. Ranar Asabar ga wanki, ga cefane, ga iyali sun yi kwana biyar ba su gan shi da rana ba. Kafin ya zo wurinka Lugbe, a hanyar filin jirgi, sai ya keta garin kaf, mota biyu ko uku. Acaɓa an hana shi shiga tsakiyar gari tun 2006, Keke kuma iyakarsa wasu unguwanni. Da dare ya yi ga fargabar motocin "wan cans", na ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya, kowa ya san wanda aka taɓa kwashe wa waya da kuɗin asusu. Sannan tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, ziyara ta zama abin da ake sa wa a lissafin wata. Mutumin nan da ya ce maka "za mu haɗu" ba ƙarya ya yi ba, har zuciyarsa yake so. Rana ce babu a maganar, kuma a garin nan maganar da ba rana a cikinta gaisuwa ce kawai.

Wata Lahadi a shekarata ta farko na yi abin da muka saba. Na sayi lemo da ayaba, na hau mota daga Kubwa zuwa Gwarimpa wurin aminina na sakandare, ban kira ba, don a wurinmu kiran aboki kafin ka je gidansa kamar raina abota ne. Na isa ƙofar rukunin gidajen, mai gadi ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce wurin wa na zo. Na faɗa. Ya ce ya san da zuwana? Na ce ai ɗan'uwana ne. Ya ce in kira shi ya yi masa magana. Na kira sau uku ba a ɗauka ba. Na tsaya a rana da leda a hannu kusan minti arba'in, mai gadin ya tausaya ya miƙo mini benci. Daga ƙarshe shi na bar wa lemon. Na yi wata biyu ina fushi, ashe bawan Allah yana asibiti da ɗansa ranar, wayar tana mota. Babu zaure a nan, babu yaron da za ka aika ya ce ana sallama da maigida. Tun daga ranar nake kira kafin in je, kuma ban ga ta rage komai a tsakaninmu ba.

Akwai kuma wata magana da ba a cika son faɗa ba, amma tunda ka tambaya zan faɗa. Mutumin Abuja yana tsoron waya. A gida an ɗauka duk wanda ke garin nan yana kwana ne kusa da gwamnati, don haka kira goma, bakwai buƙata ce: a nema wa ƙane aiki, a kai takardu wurin wani oga, kuɗin makaranta, kuɗin magani. Shi kuwa albashin ba ya kai shi ranar ashirin ga wata. Da ya ga lambar tsohon aboki da suka yi shekara shida ba su gaisa ba, sai gabansa ya faɗi, ya bar ta ta yi ta ƙara, ba don ƙiyayya ba, don kunyar cewa babu. Maganinta sauƙi gare shi. Ka riƙa kira ka gaisa, ka tambayi iyali, ku yi dariyar wani malaminku na da, ka yi sallama ka kashe. Sau biyu, sau uku, zai gane ba da ƙoƙon bara ka zo ba, shi da kansa zai fara nemanka. Na gwada wannan a kan mutane da dama, kuma an gwada shi a kaina.

Abin da ya riƙe ni a garin nan shi ne majalisar Juma'a. Mu shida ne, yau shekara tara. Duk daren Juma'a bayan isha'i muna wurin wani mai shayi a Kubwa, benci biyu da tebur mai leda, gwangwanayen madara an jera su kamar bene. Ba a tambayar "yau za a fito?", an san za a fito. Wanda ba zai samu zuwa ba shi ke da aikin ba da uzuri. Mai shayin ya san na kowa: wannan ba sukari saboda likita ya hana, wancan Indomie da ƙwai biyu, ni kauri da citta. Kowa ya biya nasa, sai in wani ya samu ƙarin girma ko ƙaruwa ya ce yau a kansa. Wannan na biyan kuɗi kada ka raina shi. Na ga abota ta mutu a gidajen cin abinci na Wuse 2, inda zama ɗaya ke cinye kuɗin cefanen mako. Mai ƙaramin ƙarfi zai zo sau ɗaya don kara, na biyu ya ce yana da uzuri, na uku ya daina ɗaga waya, a ce ya canza. Wurin da kowa zai iya biya ba tare da ya taɓa aljihu sau biyu ba, shi ne ke ɗorewa.

Kuma ka lura, cikin mu shidan nan ɗaya ne kawai na sani tun gida. Sauran a nan na tsince su: biyu a masallacin layinmu, ɗaya a wurin wankin mota, ɗaya maƙwabci ne da muka fara da rigimar kuɗin gyaran taransifoma, Bayerabe ne ma haifaffen Jos, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Wata takwas kana hangen abokan da ke bayan gari, alhali na tabbata akwai wanda kuke haɗa sahu da shi kullum da magariba a Lugbe, ba ka san ko sunansa ba. Ka tsaya minti biyar bayan sallama, kada ka zari takalmi ka wuce. Mai ɗakina ta riga ni gane wannan. Ta shiga islamiyyar matan unguwa, ta shiga adashi, kafin shekara ta san gidaje sun fi talatin, ni ina nan ina lissafin wanda bai kira ni ba.

Tsofaffin abokai kuwa ba a yar da su, sai dai a rage buri. Wanda ke nesa, in kun haɗu sau uku a shekara kun yi ƙoƙari. Ku da kuke aiki a cikin gari, Juma'a ita ce damarku: ku yi sallah wuri ɗaya, ko Babban Masallacin Ƙasa ko wanda ya fi kusa da ofisoshinku, ku ci abinci tare, kowa ya koma. Ba wanda ya kashe kuɗin mota na musamman. Da azumi a yi buɗa-baki ɗaya a gidan wani, karo-karo. Idan ɗaurin aure ya taso a Kaduna, ku haɗa tafiya a jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa. Hirar da za ku yi a wannan zaman ta fi ta wata shida a waya. Masu iyali su kwashi yara da tabarma da kular abinci zuwa Millennium Park ko bakin tafkin Jabi. Da sallah dai kada ka sa rai da kowa, garin fayau yake zama, kowa ya tafi gida.

Zauren WhatsApp na 'yan ajinku zai ruɗe ka ka ɗauka kuna tare. Namu mutum tamanin ne da wani abu, kullum saƙo ɗari, barka da Juma'a da musun siyasa da ƙwallo. A cikin wannan tarkacen aka sanar da rasuwar mahaifin wani abokinmu, ban gani ba sai bayan kwana huɗu, an riga an kai shi maƙabartar Gudu, ni ina gari ɗaya da su. Da na je gaisuwa ya ce ba komai, amma na ga komai a fuskarsa. Fita yawo in ka rasa ba wanda zai riƙe ka, amma ciwo da rasuwa da suna, waɗannan ukun ko daga Gwagwalada ne sai ka taka da ƙafarka, ko minti goma za ka yi. "Allah ya jiƙansa" da aka rubuta a waya ba ta zama zaman makoki.

Saboda haka a makon nan ka zaɓi biyu cikin goman, waɗanda suka fi kusa da kai a hanya, ba lallai a zuciya ba. Kada ka ce musu "yaushe za mu haɗu". Ka ce Asabar bayan la'asar zan je sayen kilishi a Area 1, ku same ni a can. In ɗaya ya zo, kafin ku rabu ku sa ranar gaba. In ba wanda ya zo, ka ci kilishinka, ka sake kira wani makon ba tare da gori ba.

In kuma ka ga dama, benci na da sauran wuri a Kubwa ranar Juma'a. Sai dai ka baro cikin gari kafin ƙarfe biyar, in ba haka ba a hanya za ka yi magariba da isha'i.