Ɗinkin, Dubagira da Sauran Sunayen Abincin Daji

Tambaya daga wata malamar firamare a Funtuwa: Malam, kakata kan ce a tsinko mata ɗinkin. Wane ice ne haka?

Malama, babu icen da ake kira ɗinkin. Itaciyar ɗinya ce, ɗinkin kuwa sabon tohonta, ganyen nan mai laushi da ke fitowa da bazara kafin ruwa ya zauna. A dafa shi, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa.

Tambayarki ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Bahaushe ba ya raɗa wa kowane sashe na ice suna sai icen da ke ciyar da shi. Aduwa ita ce itaciya da 'ya'yanta, amma tohonta da furenta da ake dafawa dubagira ne. Giginya in aka binne ƙwallonta ya tsiro, abin da ake tonowa a dafa muruci ne. Ɗorawa tana da gari mai zaƙi, tana da kalwa wadda ake yin daddawa da ita, ɓawonta kuma makuba, da shi magina ke shafe katanga da daɓe. Goruba tun tana ƙarama kaba ce, ta saƙar tabarma. Kuka ma haka: ƙwame daban, guntsun da ke cikinsa daban. Wanda ya riƙe waɗannan sunaye ya san me ake ci, da wane lokaci, da wane ɓangare.

Yau fa? Ka tambayi ɗan birni me aka kwaɗa, ya ce maka "ganye". Yaɗiya ganye, gasaya ganye, lalo ganye, zaƙi-banza ganye. Na ji mai gabatar da shirin girke-girke ta riƙe gasaya a hannu tana cewa "wani irin alayyahu". Gasaya tana da ɗaci, ƙamshinta daban, har suna na biyu gare ta, 'yar unguwa, don a bayan gida da kan juji take fitowa ba wanda ya shuka. Abu mai suna biyu a ce masa "wani iri"! Ki zauna kusa da kakar nan taki da biro da takarda.

Wani ɗalibi daga Zariya: Kwaɗon rama yana da dangantaka da kwaɗon ruwa?

Babu, ɗana. Kwaɗon da ake ci daga aikatau "kwaɗa" ya fito, karin sautinsu ma ba ɗaya ba. Faɗe su da ƙarfi ka ji.

Wata Hajiya daga Kano: Me ake nufi da "inuwar giginya, na nesa ka sha"?

Hajiya, giginya doguwa ce, ganyenta can ƙoli, saboda haka inuwarta nesa da gindi take sauka. Ana faɗa wa mai alheri ga bare alhali na gida suna hamma. "Ka" ɗin nan ba "kai" ba ne, ma'anarta kamar ta "kan" ce, wato na nesa kan sha. Masu gyara shi zuwa "na nesa za ka sha" ɓata shi suke yi.

Wani daga Damagaram: Anza da dilo abu ɗaya ne?

Ku ya kamata a tambaya, malam, don a wajenku ta fi yawa. Anza ita ce itaciyar, gajeruwa mai jure fari, dilo 'ya'yanta da aka sarrafa. Ɗacinsu ba na wasa ba ne, kuma ɗanye yana cutarwa. Sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, sannan a dafa kamar wake. Lokacin ƙarancin abinci na 2005 a Nijar 'yan jaridar waje sun yi ta ɗaukar hoton mata suna tsinkar anza, suna cewa mutane sun koma cin abin da ba abinci ba. Yunwar gaskiya ce, amma sanin yadda ake kashe ɗacin dilo gadon kakanni ne, irin wanda ya fid da wasu a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, tare da ƙwayar ƙarangiya da ake sussukewa a daka.

Wata amarya daga Gusau: Tafasa da rai-ɗore duk ɗaya ne?

A'a, 'yata, kuma kada ki kwaɗa wa ango rai-ɗore. Dangin juna ne, amma ganyen tafasa bakinsa a kewaye yake, bibbiyu sau uku a kan reshe. Na rai-ɗore mai tsini ne, ga wari, masu magani ke nemansa. Tafasar ma ƙaramar ta farkon damina ake ci, in ta yi fure ta tsufa.

Wani daga Kumasi: Zogale ganyen daji ne?

Shuka shi ake yi. Duba dangar maƙwabcinka.