Rushe tsofaffin benaye don filin ajiye motoci zai farfaɗo da tsakiyar gari?

Tambaya: Ina zaune a wani ƙaramin gari a Amurka. Shagunan babban titinmu da yawa sun rufe, majalisar gari kuma tana shirin rushe tsofaffin benaye biyu ta yi filin ajiye motoci, wai don masu sayayya su dawo. Hankalina bai kwanta ba. Wannan ne maganin?

Amsa: Malam, kana da gaskiya da ka damu. Asalin ciwon sananne ne. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta kawo hanyoyin da ke kewaye garuruwa, matafiya suka daina ratsa su, sannan manyan kantuna irin Walmart, wanda ya fara a Rogers ta jihar Arkansas a 1962, suka janye ciniki zuwa bayan gari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta "ba wurin ajiye mota". Kullum sai na ji ta, galibi daga bakin masu ba da shawara da ake biya su zana taswira su tafi abinsu. Tsakiyar gari ba za ta taɓa kamo babban kanti a yawan fili ba, domin shi can ya gina inda ƙasa ke da araha. Ƙarfinta shi ne shaguna manne da juna: mutum ya fito banki, ya faɗa gidan abinci, ya leƙa kantin magani, duk a ƙafa. Ka cire benaye biyu, titi ya zama wawulo, mai tafiya in ya iso giɓin sai ya juya. Kwalta ba ta ɗaukar ma'aikaci, harajinta kuma bai taka kara ya karya ba. Ginin da aka rushe ya tafi har da rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari da gwamnatin tarayya ke bayarwa kan gyaran ginin tarihi mai kawo kuɗi. Sau da yawa ma masu shagunan ne da yaransu ke cika guraben ajiye mota na ƙofar shago tun da safe, sannan su zo taro suna kuka.

Shirin Main Street, wato shirin farfaɗo da tsakiyar ƙananan garuruwa da aka gwada a 1977 a garuruwan Galesburg da Madison da Hot Springs, bai zo da katafila ba. Manaja aka ɗauka, aka bi gini ɗaya bayan ɗaya ana gyara.

Ka je zaman majalisa ka nemi a ƙirga guraben da ke zama fanko da tsakar rana kafin a taɓa bulo ɗaya. Ka kuma tambaye su wace doka ce ta hana mutane zama a saman benayen nan, tunda mai kwana a sama shi ne mai sayen burodi a ƙasa.