Irmiya 29:11: Alkawarin Nan Nawa Ne, Ko Na Mutanen Dā?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Tun ina yarinya na haddace Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, shirin alheri ba na masifa ba, domin ya ba mu bege da kyakkyawan ƙarshe. Shekara 3 ke nan maigidana ba aiki, ga ɗanmu kwance ba lafiya. A wani taron addu'a mai wa'azi ya karanta ayar a kaina, ya ce kafin shekara ta ƙare kome zai daidaita. Shekarar ta ƙare, ba abin da ya sake. Yanzu kuma wani ya ce mini ayar ma ba tawa ba ce, ta Yahudawan dā ce. Wanne zan kama?

Amsa: 'Yata, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Ubangiji ya ba yaron sauƙi, ya buɗe wa maigidanki hanya. Kada ki kama ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu yadda aka ba ki su. Buɗe Littafinki, mu koma baya kaɗan, domin ayar nan tsakiyar wata wasiƙa ce.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashe Sarki Yekoniya da uwarsa, da fadawa, da masassaƙa da maƙera, ya kai su bauta, ya naɗa Zadakiya a kan waɗanda suka rage. Waɗanda aka kwashe suna can a bakin kogunan Babila suna kuka, kamar yadda Zabura 137 ta faɗa, kunnensu a buɗe ga duk wanda zai ce musu wahalar ta kusa ƙarewa. Masu faɗin hakan kuwa ba su yi wuyar samu ba. A Irmiya sura 28, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya cikin Haikali a gaban firistoci da jama'a, ya ce nan da shekara 2 Ubangiji zai karya karkiyar Babila, kayan Haikali su dawo, sarki ya dawo. Irmiya ya amsa da "Amin", ya ce Ubangiji ya sa haka. Ina son wannan wuri ƙwarai, domin ya nuna Irmiya ba mai son ganin mutanensa cikin wahala ba ne. Shi ma abin da zuciyarsa ke so ke nan. Sai dai Allah bai faɗa ba. Hananiya ya cire karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya ya karya, Ubangiji kuwa ya ce ta ƙarfe za ta maye gurbinta. A wata na 5 Hananiya ya yi annabcinsa, a wata na 7 ya mutu.

Cikin irin wannan yanayi ne Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta wasiƙa, Elasa da Gemariya suka kai ta. Abin da ke cikinta ba mai daɗin ji ba ne. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu. Har ya ce su nemi zaman lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, su yi masa addu'a. Ya gargaɗe su kada annabawa da masu mafarkai su ruɗe su. Sa'an nan a aya ta 10 ya faɗi lokacin: shekara 70. Ayar da kika haddace ita ce ke biye da wannan.

Yi lissafi da kanki. Sairus Sarkin Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa a 538 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin da aka kwashe a 597 yana ɗan shekara 30, in ya rayu, ya kai 89 a ranar. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a Babila aka binne su. Kafin ma al'amura su gyaru sai da suka ƙara ɓaci, gama bayan sarautar Zadakiya ta shekara 11 aka rushe Urushalima, aka ƙone Haikali. Irmiya kansa bai ga komawar ba, Masar aka tafi da shi ba da sonsa ba. Duk da haka Allah bai yi ƙarya ba. Jama'ar sun koma, sun sake gina Haikali, kuma ta zuriyar Yekoniyan nan da aka kai bauta Matiyu ya bi da asalin Yesu.

To, ayar taki ce? Wanda ya ce miki Yahudawan dā aka rubuta wa, ya faɗi gaskiya, amma ya tsaya a rabin hanya. In kika sami wasiƙar da mahaifinki ya rubuta wa yayanki tun ba a haife ki ba, kwanan wata da saƙon ba naki ba ne, amma halin uban da kika gani a ciki, halin ubanki ne. Bulus ya ce a Romawa 15:4 duk abin da aka rubuta a dā domin koyarwarmu aka rubuta, mu sami bege ta wurin haƙuri da ta'aziyyar Nassi. A 2 Korintiyawa 1:20 kuma ya ce dukan alkawaran Allah sun sami cikarsu cikin Almasihu. Allahn da bai yar da mutanensa a Babila ba, shi ne ya ba da Ɗansa dominki. Nufinsa gare ki alheri ne, ba na shakkar wannan ko kaɗan.

Abin da ba ki da shi a ayar shi ne ranar da wahala za ta ƙare. A Romawa 8:28 an ce Allah na sa kome ya yi aiki domin alherin masu ƙaunarsa, aya ta 29 kuma ta bayyana alherin: mu ɗauki kamannin Ɗansa. Ƙarshen surar ya ambaci tsanani, da yunwa, da huntanci, da takobi a matsayin abubuwan da ke iya samun mai bi, ya ce ba ɗayansu da zai raba mu da ƙaunar Almasihu. Bulus ɗin nan ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Wa zai ce Bulus rashin bangaskiya ne ya hana shi? Saboda haka kada ki yarda kowa ya ɗora miki laifin cewa bangaskiyarki ce ta kasa. Wannan magana tana ci mini rai duk sa'ad da na ji an faɗa wa mai jinya.

Ban ce ki daina roƙo ba. Ayoyi na 12 da 13 na wasiƙar sun ce su kira, su yi addu'a, su neme shi da dukan zuciya, zai kuwa ji. Roƙi warkar ɗanki kai tsaye, ki kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ya umarta, ki ci gaba da kai shi wurin likita. In kukan ya zo, yi shi a gaban Allah. Irmiya a sura 20 ya faɗa wa Ubangiji maganganun da yawancinmu ba za mu iya furtawa ba. Kada kuma ku dakatar da rayuwa kuna jiran babbar ƙofa ta buɗe. Ƙaramin aikin da ya samu, maigidanki ya kama. Ki sanar da ikilisiyarku halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, domin jama'a aka rubuta wa wasiƙar nan, kuma ɗaukar nauyin juna wajibi ne a kanmu bisa ga Galatiyawa 6:2.

Game da mai wa'azin, ma'auni yana Maimaitawar Shari'a 18:22: in mutum ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Mai yiwuwa tausayi ne ya sa shi, ban san zuciyarsa ba. Amma ya sa rana a inda Allah bai sa ba, ke kuma kika sha zafin. In ya sake ba ki wata rana, ko ya ce sai kin kawo kuɗi kafin alkawarin ya cika, kada ki karɓa, kada ki bayar, ki kai maganar gaban faston ikilisiyarku da dattawa.