Amsar Kawu a kan kada da masu gardamar juyin halitta

'Yata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce a wata muhawara da kika halarta, wani dattijo ya ɗaga hoto biyu, ɗaya na ƙashin kada da ya zama dutse, ɗaya na kada mai rai, ya ce shekara miliyan 200 ke nan dabbar nan tana yadda take, to ina juyin halittar da ake faɗa? Kin ce karo na uku ke nan kina jin an jawo kada cikin irin wannan zama. Kina son sanin inda wannan al'ada ta samo asali, da kuma ko ya dace ki tanka alhali mai maganar ya haife ki.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Shekarun da na yi ina riƙe da alli, ni ma haka na koyar: kada bai taɓa canzawa ba. A littafi na gani, na kwashe na juye wa yara. Wata rana wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane kadan?" Na buɗe baki na rasa abin cewa, na ce ya zauna, lokaci ya ƙure. Lokacin bai ƙure ba. Tambayar yaron nan ce ta mayar da ni karatu.

Abin dariya shi ne, lafazin da ake yi wa Darwin, masanin Ingila mai nazariyar juyin halitta, bulala da shi, wato "burbushi mai rai", Darwin ɗin ne da kansa ya ƙirƙiro shi a littafinsa na 1859, yana nufin halittun da suka daɗe ba su yi wani babban sauyi ba. Bai ɗauke su ƙalubale ba, domin nazariyarsa ba ta ce dole kowace halitta ta sauya da gudu ɗaya ba. Masu adawa ne suka ɗauki lafazin suka juya shi. Reshensu mafi ƙarfi yana Amurka, kuma lissafinsa ya koma ga wani babban limamin coci na Ailan, James Ussher, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ce an yi duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1961 John Whitcomb da Henry Morris suka farfaɗo da ra'ayin, suka ce ruwan Ɗufana ne ya binne dukkan ƙasusuwan nan a tashi ɗaya. A 2007 Ken Ham ya buɗe gidan tarihi a jihar Kentaki inda ake nuna mutum da dainoso, wato manyan dabbobin dā masu rarrafe da suka ƙare, suna zaune a zamani ɗaya. Salon hoto biyu kuwa, wanda ya fi yaɗa shi shi ne Adnan Oktar na Turkiyya, mai laƙabin Harun Yahya, da wani ƙaton littafi da ya fitar a 2006: shafi bayan shafi, ga dutse ga mai rai. A ɗaya daga cikin hotunan, ƙwaron da aka nuna a matsayin mai rai ashe na roba ne na masu kamun kifi, har ƙugiyar ana gani. Shi dai Oktar bai musanta tsufan duniya ba. Amma wanda ya ce duniya shekararta 6,000, sannan ya kafa hujja da miliyan 200, ai ya ari ma'aunin mutanen da yake ƙaryatawa.

Yanzu ga kadan kansa. Kama da wane ba ta wane. Kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce, wani gida na dabbobi masu rarrafe da masana ke kira arkoso ya rabu biyu. Ɗaki ɗaya ya fitar da dainoso da tsuntsaye, ɗaya ya fitar da dangin kada. Na farko-farkon dangin kada ba ma a ruwa suke ba. Terrestrisuchus, da aka tono a Wales ta Birtaniya, siriri ne mai dogayen ƙafafu, mai gudu a tudu. Effigia na Niyu Meziko da ƙafa biyu yake tafiya, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, in kin ga ƙashinsa sai ki rantse dangin jimina ne. Wasu suka faɗa teku, ƙafafunsu suka koma kamar filafili, wutsiya ta yi reshe irin ta kifi, suka zubar da sulken baya. A Madagaska an sami Simosuchus, wanda bai kai mita ɗaya ba, da guntun baki da haƙora masu siffar ganye. Ciyayi yake ci. Kada mai kiwo, 'yata! A hamadar Tenere ta Nijar kuma aka tono Sarcosuchus, mai shekara kusan miliyan 110, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kai tsawon mutum. Masanan Faransa ne suka raɗa masa suna a 1966, Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya ƙara tono shi a 1997 da 2000. A Saharar dai Sereno ya fito da wani mai fiƙoƙi irin na gadu, da wani mai faffaɗan baki kamar agwagwa.

Ko Sarcosuchus ɗin, da ya fi kama da abin da muka sani, ba kadan yau ba ne. A juya ƙoƙon kan kadan yau a duba ganɗarsa: ƙofar hancin ta ciki tana can ƙurya kusa da maƙogwaro, ƙashi ya kewaye ta. A tsofaffin tana gaba da nan. Gaɓoɓin ƙashin bayan na yau suna shiga juna kamar ƙwallo a cikin koko, na tsofaffin kuwa kusan a shafe suke. Hoto daga nesa ba ya nuna wannan. Gidan kadojin da ke raye bai kai shekara miliyan 100 ba, jinsin da kadan Nilu yake ciki kuwa ko miliyan 30 bai cika ba.

Sai dai kada ki ce dattijon bai da komai a hannu. Siffar nan ta dogon baki da jiki a kwance da idanu a saman kai ta daɗe ƙwarai. Dalilin shi ne sana'ar ba ta sauya ba: a laɓe a bakin ruwa a jira mai ƙishirwa. Duk wanda ya shiga sana'ar, siffar yake ɗauka. Kafin kada ya kama ta, wasu dabbobi da ake kira fitoso ne suke yin ta, kuma da kin gan su kin ce kadoji ne, sai in kin lura hancinsu yana kusa da ido maimakon ƙarshen baki. Sun ƙare kimanin shekara miliyan 201 da suka wuce, daga baya dangin kada suka gaje gurbin.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda masu hoto biyu ba sa taɓawa, shi ne ɗan'uwan kada na kusa a yau ba damo ba ne, ba guza ba. Tsuntsu ne. Zuciyar kada ɗaki huɗu gare ta kamar ta tsuntsu, ta ƙadangare uku. Uwar kada tana gina sheƙa ta yi gadi, 'ya'yan su yi kuka tun suna cikin ƙwai, ta zo ta tone su, ta kwashe a bakin nan mai karya ƙashi ta kai su ruwa ba ko ƙwarzane. A 2010 Colleen Farmer ta Jami'ar Yuta ta nuna iska a huhun kadan Amurka hanya ɗaya take bi tana zagayawa, yadda take yi a huhun tsuntsu. Binciken ƙwayoyin gado ma wannan zumuncin ya nuna. Tsuntsu kuwa dainoso ne da ya rage. An sami Archaeopteryx a Jamus a 1861, ga gashin tsuntsu, ga haƙora, ga doguwar wutsiya mai ƙashi, kuma tun 1996 ake ta tono dainoso masu gashi a lardin Liyawnin na Sin. Da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a Yukatan ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, manyan dainoso suka ƙare. Ƙananan tsuntsaye suka tsira, kadoji ma haka, kuma masana sun fi danganta tsirarsu ga zaman ruwan daɗi da juriyar yunwa ta watanni.

Za a ce miki an sami nama a ƙashin dainoso, don haka ba su daɗe ba. Gaskiya ne a 2005 Mary Schweitzer ta ba da rahoton ragowar abu mai laushi a ƙashin cinyar wani ƙaton dainoso mai suna T. rex. Amma ita kanta Kirista ce mai riƙo da addini, kuma ta sha cewa bincikenta bai rage wa ƙashin shekara ko ɗaya ba. Ni ma ban taɓa jin ƙashin Simosuchus ya taɓa min imani ba. Ƙashi yana faɗin yaushe da ta yaya. Ba shi da bakin cewa babu Mahalicci, kuma duk wanda ya sa masa wannan magana a baki, daga kowane ɓangare yake, ƙari ya yi.

Batun tankawa kuwa, ki tanka, amma ba a tsakiyar taro ba. Babba in aka ƙure shi a gaban jama'a, ba hujja yake karewa ba kuma, girmansa yake karewa. Ki bari a watse, ki gaishe shi, ki ce kina neman ƙarin bayani: ƙashin da ke hoton, wane jinsi ne, a ina aka tono shi, kuma da me aka auna shekarunsa? In ya ce da sinadarin kabon, ki sani ma'aunin kabon ba ya auna abin da ya wuce shekara 50,000, irin waɗannan da yuraniyom na cikin tokar dutse mai aman wuta ake auna su. In kin sami sunan jinsin ki aiko min, mu duba ganɗarsa tare.

Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki