Alawar sallah: tamu ce ko ta aro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Unguwar Rimi, Kaduna. Duk ƙaramar sallah nakan shiga Kasuwar Gumi in sayo ledar minti da cakulan saboda yaran da ke shigowa yawon sallah. Bana surukata ta ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, su da suka tashi a Zariya nakiya da alkaki suka sani. Ga shi kuma da Kirsimeti maƙwabciyarmu ta aiko wa yara shinkafa da cin-cin, har da wata alawa mai ratsin fari da ja, a lanƙwashe kamar sandar makiyayi. Wai daga ina raba kayan zaƙi ranar biki ya samo asali? Mu ne muka kwaikwayo?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ke da Mama kowa na da gaskiya a hannunsa, sai dai tata ta fi taki tsufa. Ledar da kike sayowa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, wannan haka yake. Amma miƙa wa yaro abu mai zaƙi ranar idi ya girmi ledar nesa ba kusa ba, kuma ba ta teku ya shigo mana ba.

Sunayen ma sun isa shaida. Alawa daga Larabci take, halwa ko halawa, wato abu mai zaƙi. Sukari shi ma daga bakin Larabawa muka karɓa, su kuma sun karɓo daga Farisa, Farisa ta karɓo daga Indiya, inda aka fara dafa ruwan rake har ya daskare ya zama gari. Alkakin da Mama ke alfahari da shi, sunansa al-ka'ak ne na Larabawa da muka lanƙwasa ya dace da harshenmu, kamar yadda muka yi wa alkamar da ake yin sa da ita. Ko kalmar candy da Amurkawa ke kiran alawa da ita, idan aka bi salsalarta, a kan qandi ta Larabci ake tsayawa. Kin ga ke nan Turawan ma aro suka yi, daga rijiyar da muka ɗebo suka ɗebo.

A wajen Musulmi abin yana da tushe a sunna. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ba ya fita ranar ƙaramar sallah sai ya ci dabino, kuma mara yake ci. A babbar sallah kuwa yakan jinkirta cin abinci har a sauko daga idi. Shi ya sa har gobe ƙaramar sallah ce ta zaƙi, babba ta nama. Nana A'isha ma ta ce yana son kayan zaƙi da zuma. Daga nan kowace ƙasa ta ɗora nata. Turkawa sukan kira ƙaramar sallah Idin Sukari kai tsaye, yara su bi gida-gida suna sumbatar hannun manya ana ba su alawa. A Indiya da Pakistan ana dafa siririyar taliya da madara da dabino, suna ce wa ranar idi mai zaƙi. A Masar kuwa mata kan taru a kwanakin ƙarshe na azumi suna gasa kahk, ɗan'uwan alkakinmu a suna, al'adar da ta yi ƙarfi tun zamanin daular Faɗimiyya. A ƙasashen Larabawa na gaɓar tekun Fasha, irin su Kuwait da Bahrain, yara kan rataya jaka a tsakiyar watan azumi su zaga unguwa ana zuba musu alawa da gyaɗa. Duk wanda ya yi tashe yana yaro zai gane wannan hoton, bambancin kawai mu hatsi da 'yan kuɗi ake ba mu.

Abin da ya haɗa waɗannan duka, har da na Kirista da zan zo kansu, abu biyu ne: ƙarancin zaƙi, da kuma zuwansa bayan kame baki. Mu da muka tashi sukari na kan kowane teburin mai shayi, da wuya mu fahimci tsadarsa a da. A Turai ɗaruruwan shekaru wurin masu magani ake sayen sa, ana auna shi kamar kayan yaji. A nan ma haka. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa sukarin Faransa cikin hajar da fatake ke kawowa ta Sahara, tare da siliki da madubi. Abin da aka ɗauko a bayan raƙumi daga gaɓar teku ba na kunun talaka ba ne. Zaƙin kakanninmu na yau da kullum shi ne zuma, dabino, rake, takanɗa, ɗinya, garin ɗorawa da aya. Zumar ma ba a samun ta a sauƙaƙe, ai zuma da zaƙi da harbi. Saboda haka idan aka samu sai a adana, a jira ranar da ta cancanta: sallah, suna, biki.

Dubi yadda ake nakiya, za ki gane ba abin marmarin kullum ba ce. Sai an wanke shinkafa an shanya, an soya ta a busasshen kasko, an daka ta da citta da kanunfari da masoro, sannan a haɗa da zuma ko narkakken sukari da man shanu, a koma turmi a yi ta kirɓa har ta haɗe. Aikin mata da yawa ne, na yini guda ko fiye. Alkaki kuma sai an ɓarza alkama, an murza da mai, an bar kwaɓin ya kwana ya yi tsami, sannan a naɗe shi, a soya, a tsoma a zuma ko ruwan sukarin da aka matse wa lemon tsami. Hikimar da ke ciki ita ce dukansu suna daɗewa ba su lalace ba, domin zaƙi mai kauri da mai suna hana ruɓa. A zamanin da babu firiji, wannan shi ne abin da za a iya tanada kafin ganin wata, a kai gidan surukai, a jera a garar amarya. Wannan ne Mama take karewa, kuma ban ga laifinta ba. Tsakanin wadda ta kwana a turmi da wadda ta miƙa kuɗi a kanti akwai tazara, ko da yaron da ya karɓa bai san da ita ba.

Abin da ya sauya duniya shi ne faɗuwar farashin sukari, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Gonakin raken Barazil da tsibiran Karibiyan da guminmu aka nome su, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Daga baya wani masanin Jamus, Marggraf, ya gano a 1747 cewa akwai sukari a cikin wani gwaza mai zaƙi da ke yi a ƙasar sanyi, a farkon ƙarni na 19 aka fara masana'antarsa. Ingila ta soke harajin sukari a 1874, sai ɗan lebura ya fara sayen alawa da kobonsa. Cakulan ma a wannan ƙarnin ya koma abin taunawa, da can sha ake yi. Van Houten na Holan ya fito da injin matse koko a 1828, kamfanin Fry na Ingila ya yi sandar cakulan a 1847, Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara a 1875.

Daga nan ne bukukuwan Kirista suka samu kamannin da kike gani. Kafin Ista suna da azumin kwana 40, wanda a da ake barin nama da madara da ƙwai a cikinsa. Kaji kuwa ba su san ana azumi ba, sai ƙwai ya taru, ranar Ista a dafa a rina a raba wa yara. Kamfanin Fry ya mai da wannan ƙwan na cakulan a 1873, Cadbury ya biyo baya a 1875. Makonnin da ke gabanin Kirsimeti su ma a da lokacin kamewa ne, kayan daɗi sai ranar bikin.

Sandar nan mai fari da ja da aka ba yaranki, ana yawan ba da labarin cewa wani shugaban mawaƙan majami'a a birnin Kolon na Jamus ne ya sa aka lanƙwasa ta a 1670 don yara su yi shiru lokacin addu'a. Labari ne mai daɗin ji, amma babu takardar zamanin da ta tabbatar da shi. Abin da ya tabbata shi ne da fari fara ce fat, ratsin ja da ɗanɗanon na'ana'a sun bayyana ne wajen 1900. Da hannu ake lanƙwasa ta, tana yawan karyewa, sai a shekarun 1950 wani limamin Katolika a Amurka mai suna Gregory Keller ya ƙera injin da ke yin aikin, domin masana'antar surukinsa a jihar Jojiya. Wato inji ne ya yaɗa ta, shi ya kawo ta har Barnawa da Sabon Tasha. In kin lura ma, Kirsimetin mutanen Kaduna ba a kan wannan sandar ya tsaya ba. Shinkafa da miya ne, da kaza, da cin-cin, da sabon ɗinki, da yara masu zaga dangi suna karɓar na goro. Ya fi kama da sallarmu fiye da Kirsimetin Landan. Cin-cin ɗin nan kuwa ya zama na kowa, yana ƙetare kogin Kaduna daga kudu zuwa arewa a watan Disamba, ya komo daga arewa zuwa kudu da sallah, a cikin kwanukan da wani lokaci ba a ma san na waye ba.

Akwai kuma Halowin, daren 31 ga Oktoba, wanda yaranki ke gani a talabijin. Asalinsa Ireland da Scotland ne, amma bin gidaje neman alawa a Amurka ya kafu ne a shekarun 1930, ya ja baya da aka taƙaita sayar da sukari daga 1942 zuwa 1947 saboda yaƙi, sannan kamfanoni suka hau kansa a shekarun 1950. Wannan kam idan ya shigo makarantun kuɗi na garin nan, aro ne tsantsa, babu abin da ya haɗa shi da tarihin kowa a Kaduna.

Mu tamu ledar jirgin ƙasa ne ya fara kawo ta. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Kaduna da Zariya, kantunan Turawa da na Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka biyo shi da sukarin ƙwaya da minti. Bayan samun 'yanci aka kafa masana'antar sukari a Bacita da ke jihar Kwara ta yanzu, Cadbury ya yi rajista a Najeriya a 1965, TomTom ya fito a 1970. Ki lura da abin da matanmu suka yi da sukarin da ya yi araha da madarar gari: tuwon madara, gullisuwa, iloka, kwakumeti, hanjin ligidi, carbin malam. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙirƙiro a Ingila. Kaya ne na waje, hannu na gida. Ni a ganina waɗannan sun fi ledar kanti cancantar a kira su alawar sallah, kuma kuɗinsu a hannun maƙwabciya yake tsayawa. Ga mazarƙwailar ƙasar Makarfi da Kudan, wadda idan aka yi kantun riɗi da ita ba a komawa kan farin sukari.

Batun ko ya halatta a karɓi kyautar bikin maƙwabta, wannan fagen malaman fiƙihu ne, ki tambayi wanda kika amince da shi. Nawa fagen tarihi ne da abinci, kuma a nan ina da jan kunne ɗaya. Zaƙin da kakanninmu ke gani sau biyu a shekara, yaranmu kullum suna cikinsa, ga lemon kwalba ga biskit a jakar makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, in an rage zuwa rabin haka ya fi. Na yaro bai kai nan ba. Ga haƙori kuwa, yawan tsotsa ya fi yawan alawar illa: gara yaro ya sha rabonsa bayan abinci ya kuskure baki, da ya yini da minti a kunci daga safe har magariba. Alawa mai tauri kada a ba ƙananan yara masu rarrafe da tatata saboda shaƙewa, zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, ko da a cikin nakiya ce.

Sannan kada ki takura wa aljihu, kin san sallah takan wuce ta bar wawa da bashi. Ledar minti ɗaya ta wadatar da baƙin ƙofa, don yaran unguwa talatin ba za a iya bin su da alkaki ba. Na cikin gida kuwa, ki je wurin Mama tun azumi na ashirin ki ce ta koya miki nakiyarsu ta Zariya, ke ki sayo shinkafar gida da man shanu da zuma, ita ta zauna a kujera tana ba da umarni. Ki kira 'yan matanki su riƙa karɓar taɓarya.